Bayanan wayar salula za su iya nuna yadda jama'a ke amfani da titunan Kantin Kwari?

Aminu Ɗalibi:
Assalamu alaikum malamaina. Ina shirya kundin digiri na biyu a kan yadda jama'a ke amfani da titunan da suka kewaye Kantin Kwari: ta ina ake shigowa, ina ake tsayawa, yaushe ake cika, yaushe ake watsewa. An ba ni shawarar in nemi bayanan kamfanin waya kamar yadda aka yi a Abijan. Don Allah me aka yi a can takamaimai, kuma zai yi aiki a wuri ƙarami irin wannan?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Aminu. Mu fara da abin da ke cikin bayanan, don a nan ake yawan ruɗewa. Rajistar kira da kamfanin waya ke ajiyewa, wadda ake kira CDR, ta caji ce. Duk lokacin da ka kira, ko aka kira ka, ko ka tura tes, sheɗara ɗaya ke shiga: lambar mai kira, lambar wanda aka kira, rana da lokaci, tsawon kiran, sai lambar eriyar da ta ɗauki kiran. Babu GPS a ciki. Abin da aka sani shi ne wurin da ƙarfen sabis yake tsaye, ba wurin da kai kake tsaye ba.

A 2012 kamfanin Orange ya buɗe wa masu bincike bayanan Kodebuwa a gasar da ya kira D4D: kira da saƙonni kusan biliyan 2.5 na mutum miliyan 5, daga Disamba 2011 zuwa Afrilu 2012, bayan an cire lambobin waya. Bai ba da komai a dunƙule ba. Kashi ɗaya na mutum 50,000 ne da ake bi a matakin eriya na mako biyu kacal, sai a sauya su da wasu 50,000. Wani kashin na mutum 500,000 ne na tsawon watannin duka, amma a matakin gunduma. Wato in an ba ka kusanci an rage maka lokaci, in an ba ka lokaci an rage maka kusanci. Da gangan aka yi haka.

Masu binciken IBM da ke Dublin suka ɗauki kashin farko suka gina manhajar AllAboard. Suka fitar da yawan masu tashi daga wace unguwa zuwa wace unguwa, suka ɗora a kan layukan bas na SOTRA, kamfanin bas na Abijan, suka ga inda buƙata take amma babu bas. Lissafinsu ya ce ƙarin 'yan layuka zai rage lokacin tafiya da kusan kashi 10 cikin 100. An gabatar da sakamakon gasar a taron NetMob a MIT a 2013.

Dakta Hadiza:
Injiniya ya kawo shi daidai, amma a lura da abu biyu. Kashi 10 ɗin nan lissafin kwamfuta ne, ba awon da aka yi a kan titi bayan an saka bas ba. Na biyu, tambayar Abijan ta kilomitoci ce: daga unguwar Yopougon ko Abobo zuwa Plateau da ke tsakiyar birnin, ko zuwa tashar Adjamé. In eriya ta yi kuskuren mita 400 a tafiyar kilomita 10, ba komai. Tambayarka kuwa ta mita 20 ce: me ya sa ake cunkushewa a wannan gefen titin, wancan gefen babu kowa. Eriya ɗaya na iya haɗiye titin da gefensa biyu da masallacin da ke bayansa.

Aminu Ɗalibi:
To Dakta, ke nan in haƙura da bayanan waya gaba ɗaya?

Malam Sani Ƙididdiga:
Kada ka yi saurin haƙura. Ka san yadda ake sarrafa su tukuna, sai ka ga wace tambaya suke amsawa.

Ana fara raba taswirar gari gida-gida, kowace eriya da yankin da ya fi kusa da ita. Manhajar taswira ta QGIS na yin wannan da wani umarni mai suna Voronoi cikin daƙiƙu. A tsakiyar birni yankin kan zo 'yan ɗaruruwan mita, a bayan gari kilomitoci.

Sai tsaftacewa, kuma nan ne rabin aikin yake. Waya na ajiye a kan tebur amma ta yi tsalle daga eriya A zuwa B ta dawo A, saboda eriyar da ta cika tana tura wa maƙwabciyarta kaya. In ba ka cire wannan ba, za ka ƙirga tafiye-tafiyen da ba a yi ba, kuma sun fi yawa daidai lokacin cunkoso, lokacin da ka fi damuwa da shi. Abin da ake yi: duk A-B-A da ya faru cikin 'yan mintuna a mayar da shi A. Duk tsallen da lissafin gudunsa ya wuce abin da mota za ta iya yi a cikin gari, a watsar. A Abijan ruwan da ya ratsa birnin ma yana ƙara matsalar, don sigina na tafiya da nisa a kan ruwa, waya na iya kama eriyar tsallake.

Daga nan a gano gida: eriyar da layi ya fi bayyana a kanta da dare, misali daga 8 na dare zuwa 6 na safe. Wurin nema kuma wadda ya fi bayyana da rana a ranakun aiki. A Kano kada ka kwafi ranakun aikin Turai. Asabar ranar kasuwa ce sosai, Juma'a kuma tana da nata tsarin, ka ware ta daban.

Na ƙarshe shi ne faɗaɗawa. In ka sami layi 2,000 da ke kwana a wata mazaɓa mai mutum 40,000, kowane layi na wakiltar mutum 20. Amma daga ina ka samo 40,000 ɗin? Ƙidayarmu ta ƙarshe ta 2006 ce. Dole ka jingina da ƙiyasin yawan jama'a na cibiyoyi irin su WorldPop ko GRID3, ka kuma faɗa a fili cewa ƙiyasi ne ka ninka da ƙiyasi.

Hajiya Rabi:
Malam Sani, wannan "kowane layi mutum 20" ɗin ne ba ya kwanta mini. Waɗanne mutum 20? Alhajin da ke da shago a Kwari yana da layi biyu ko uku, kuma wayarsa ba ta hutawa daga safe zuwa magariba. Ɗan dakon da ya sauke masa dila yana iya wuni bai kira kowa ba. Yarinyar da ke tallan gyaɗa ba ta da waya. Almajiri haka. Matar da ta fito sayen atamfa da wayar mijinta, rajista za ta ɗauke ta a matsayin mijin. Su kuwa waɗannan su ne suka fi kowa daɗewa a kan titin, su rana ke duka, su ake kora in an zo gyara. Taswirar da aka zana da kira taswirar masu kati ce. In hukuma ta ɗauke ta ta yi tsari da ita, an share talaka sau biyu ke nan: ba ya cikin bayanan, ba ya cikin tsarin.

Malam Sani Ƙididdiga:
Gaskiya ne Hajiya, ba na musu. Akwai gyaran da ake iya yi, akwai wanda ba a iyawa. Yawan kira ana gyara shi: a ƙirga layi sau ɗaya a awa komai yawan kiran da ya yi, sai alhaji da ɗan dako su zo ɗaya muddin kowannensu ya bayyana. Layi biyu a waya ɗaya ba kullum ake iya haɗa su ba ko da na kamfani ɗaya ne, don galibi kowane ramin SIM na da tasa IMEI, wato lambar shaidar waya. In ɗaya MTN ne ɗaya Airtel, babu mai gani. Wanda ba shi da waya kuwa babu lissafin da zai fito da shi, sai an je an ƙirga shi da ido.

Injiniya Bashir:
A ƙara da cewa 2012 ba yau ba ce. Kira da yawa ya koma WhatsApp, kuma wannan ba ya shiga rajistar kira, yana shiga ta data. Rajistar data ta fi yawan sheɗara nesa ba kusa ba, amma ta fi karkata ga masu babbar waya. Fulashin da ba a ɗaga ba galibi ba ya shiga rajistar caji. Sannan in janaretan wani ƙarfe ya tsaya, wayoyin yankin duk za su koma maƙwabta, a taswira sai ka ga kamar unguwa ta tashi. Duk wanda zai yi wannan aikin ya fara zana jimillar sheɗarun kowace eriya a kowace awa. Inda ta faɗi sifili, matsalar ƙarfe ce, a cire ranar.

Usman Taswira:
Me zai hana ya yi amfani da Wi-Fi? Hukumar sufurin Landan ta gwada a ƙarshen 2016, tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa 54, mako huɗu. Sun tattara sigina sama da miliyan 500 daga na'urori miliyan 5.6. Har suka gano cewa tsakanin King's Cross da Waterloo mutane na bin hanyoyi aƙalla 18, abin da tikiti ba ya nunawa, don shi shiga da fita kawai ya sani. Wannan kusanci ne na mita goma-goma. 'Yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da ƙaramar eriya da fawa banki sun isa a saurari wayoyin da ke wucewa.

Injiniya Bashir:
Usman, wannan ƙofar ta kusa rufewa. Dabarar ta dogara ne da lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura da waya ke shelantawa lokacin da take neman Wi-Fi. Apple ta fara sauya lambar tun iOS 8 a 2014, Android ma ta bi. Yanzu waya ɗaya na iya fito maka da lambobi da yawa a awa ɗaya, sai ka ƙirga ta mutum biyar. Landan ta ci riba ne don tana da Wi-Fi nata a tashoshin, mutane da yawa sun riga sun yi rajista da shi. A Kwari kuma ƙaramar waya mai tocila ba ta da Wi-Fi ko kaɗan, masu babbar ma da yawa suna kashe shi don caji ya kai su yamma. Abin da za ka iya samu shi ne hawa da saukar cunkoso, cewa ƙarfe 12 ya ninka ƙarfe 9. Adadin mutane kuwa a'a.

Barista Nura:
Kafin a kai ga saye da dasa na'ura, a duba doka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki bayanan wurin da mutum yake a cikin bayanansa na kansa, kuma akwai hukumar NDPC da ke sa ido. Tun da aka fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, lambar waya ta zama suna da hoto da adireshi.

Cire suna ba ya wadatarwa. A 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa sun bincika bayanan mutum miliyan 1.5 na wata 15, suka nuna cewa sanin wuri da lokaci huɗu kacal ya isa a ware mutum 95 cikin 100 daga sauran. Wa ke kwana a unguwa kaza, ya wuni a Kwari, ya yi Juma'a a masallaci kaza, ya je asibiti kaza ranar Talata? Mutum ɗaya ne.

Rikita lambar ma ba ya wadatarwa in an yi shi da sakaci. A 2014 birnin New York ya saki bayanan tafiyar tasi miliyan 173 bayan ya rikita lambobin motocin da wata dabarar ɓoye lamba mai suna MD5. Da yake tsarin lambobin sananne ne, wani ya rikita duk lambar da za ta iya yiwuwa ya kwatanta, ya dawo da su. Lambarmu haka take: 0803 da lambobi bakwai, miliyan 10 ke nan, laftof zai gama da su kafin shayi ya huce. Dole a haɗa da mabuɗin sirri wanda bai taɓa barin kamfanin ba.

Aminu Ɗalibi:
Barista, to ta yaya ake samun bayanan ta halal?

Barista Nura:
Ba a ba ka ɗanyen, kuma kada ka karɓa ko wani ya ce zai fito maka da shi ta bayan gida. Tsarin da ya yi aiki shi ne na Ghana: hukumar ƙididdigar ƙasar, kamfanin waya na Vodafone Ghana (sunansa na lokacin) da ƙungiyar bincike ta Flowminder. Bayanan na nan a sabar kamfanin, lissafin ne ke shiga, jimilla ta fito. Duk rukunin da bai kai layi 15 ba ana ɓoye shi. Da haka suka auna yadda zirga-zirga ta ragu a Akra da Kumasi lokacin kullen korona da aka fara 30 ga Maris 2020. Wannan yarjejeniya ce tsakanin hukumomi, tana cin watanni. Ɗalibi shi kaɗai da wuya ya same ta kafin lokacin kundinsa ya ƙare.

Dakta Hadiza:
Shi ya sa nake ganin ka juya aikin, Aminu. Ka tara naka bayanan. Waya ce dai za ka yi amfani da ita, amma a hannun mai ƙirga.

Akwai ƙirga iri biyu, kuma ba a haɗa su. Na farko masu wucewa. Ka zaɓi ƙofofi shida zuwa takwas, a kowace ka ja layi a zuciya daga bango zuwa bango. Mai ƙirga ya tsaya ya ƙirga duk wanda ya tsallake layin na minti 10 a kowace awa, a ninka da shida. Wannan ita ce hanyar da masanin tsara birane Jan Gehl ya yaɗa daga Kopenhagen. Mutum ɗaya na iya riƙe ƙofa uku a awa. In titin ya cika sosai, a sa mutum biyu, kowa da ɓangaren da jama'a suka nufa, don ido ɗaya ba ya riƙe shiga da fita tare.

Na biyu masu zama, kuma shi ne zuciyar tambayarka. Kowace awa mutum ɗaya ya bi titin da tafiya ɗaya ba tsayawa, ya saka ɗigo ga duk wanda ba tafiya yake ba: namiji ko mace, yaro ko babba, a tsaye ko a zaune, a kan me yake zaune, me yake yi, yana inuwa ko rana. A yi fom ɗin a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai da waya, yana aiki ba data. Ba suna, ba hoton fuska.

Wannan "inuwa ko rana" kada ka raina shi. Ka dubi mai shayi ko mai gyaran takalmi da ke jikin doguwar katanga. Da hantsi bencinsa na gefen yamma na ginin, inda inuwa ta faɗo. Rana na take tsaka inuwar ta tsuke ta koma ƙasa da taku ɗaya, mutane su manne da bango a jere. Bayan azahar benci ya zagaya gefen gabas, majalisar ta bi shi. Mutanen nan ba su yi mita 15 ba, a wurin eriya ba su motsa ba sam, amma duk yadda ake rayuwa a titin yana cikin wannan motsin. Masanin birane William Whyte ya yi shekaru yana ɗaukar dandalolin New York da kyamara a shekarun 1970, babban abin da ya gano shi ne mutane na zama inda aka samar da wurin zama. Birnin ya saka shi a dokar gini a 1975. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ina da yaƙinin inuwa za ta zo gaba da benci, amma sai an ƙirga za a iya faɗa wa hukuma.

Usman Taswira:
Dakta, gyara ɗaya a kan Kobo. GPS na waya a fili yana kuskuren mita 5 ko sama. A tsakanin benayen Kwari da ƙarƙashin rumfunan kwano yana iya kaiwa 20 ko 30, ɗigon ya faɗa kan rufin wani. Tunda gefen titi kake son bambancewa, kada ka dogara da shi. Ka yanka titin gunduwa-gunduwa na mita 20, kowane gefe da lambarsa, mai ƙirga ya zaɓi lambar daga jeri. Ko ya taɓa wurin da yatsa a kan hoton sama da aka riga aka sauke.

Ga A Daidaita Sahu kuma ka dubi aikin Digital Matatus, na zana taswirar motocin haya na Nairobi. Ɗaliban Jami'ar Nairobi, tare da MIT da Columbia, sun hau motocin haya da wayoyi suna ɗaukar hanya da wuraren tsayawa, taswirar ta fito a 2014 da layuka sama da 100. Matsalar da suka ci karo da ita za ta same ka: tsarin GTFS, wanda ake rubuta layukan sufuri da shi a kwamfuta, an gina shi ne don bas mai jadawali, su kuwa waɗannan sai sun cika suke tashi. Ka saita manhajar ta ɗauki wuri duk daƙiƙa 5, mai hawa ya danna duk inda aka ɗauka ko aka sauke fasinja. Inda ɗigon suka taru, nan ne tasha ta gaskiya, ko da babu allo.

Hajiya Rabi:
Kuma a cikin masu ƙirgar a sa mata, a kuma gaida shugabannin kasuwa kafin a fara. Baƙo da waya a hannu yana kallon mutane yana dannawa, za a ce ɗan haraji ne ko mai leƙen asiri, masu talla su janye, ka ƙirga titin da ba shi ne na kullum ba. Sannan ɗigo ba ya faɗin dalili. In ka ga mata ba sa tsayawa a wani lungu, sai an tambaye su: rashin banɗaki ne, ko zaman samari, ko duhu bayan magariba? Tambaya biyar, minti uku, mace ta tambayi mace.

Aminu Ɗalibi:
Allah ya saka da alheri. Zafin fa, zan iya ɗauko shi daga tauraron ɗan'adam in haɗa?

Usman Taswira:
Hotunan taurarin Landsat 8 da 9 kyauta ne, amma ka san iyakarsu. Awon zafinsu na mita 100 ne, ana tace shi zuwa 30. Suna wucewa da hantsi, wajen ƙarfe 10 zuwa 11, ba lokacin da rana ta fi ƙuna ba. Kuma zafin saman abu suke aunawa, wato kwanon rufi, ba iskar da ke ƙarƙashinsa ba. Ƙurar hunturu da gajimaren damina na ɓata hotuna da yawa. Don kwatanta unguwa da unguwa suna da kyau. Don gefen titi, ka sayi ƙananan ma'aunan zafi masu ajiye bayani, ka rataye su a tsayin kirji cikin abin da zai kare su daga hasken rana kai tsaye, su ɗauka duk minti 10. In rana ta taɓa ma'aunin, zafin robarsa kake aunawa.

Malam Sani Ƙididdiga:
Duk na yarda, amma ban sauka daga kan bayanan waya ba, Dakta. Akwai tambayar da ƙirgar ido ba za ta taɓa amsawa ba: daga ina cikar Kwari take zuwa? Nawa ne daga cikin birni, nawa daga Katsina da Jigawa, nawa suka kwana a hanya? Wannan ita ce irin tambayar Abijan, kuma ita ke nuna inda ya kamata a ajiye tashar mota da wurin sauke kaya. Ya rubuta ta a matsayin mataki na gaba, da sunan hukumar da ta dace ta nemi yarjejeniyar.

Dakta Hadiza:
Ya rubuta, amma da sharaɗi. Fataken Maraɗi da Damagaram da Chadi da Kamaru, waɗanda ke sayen dila-dila, wasu na yawo da layin ƙasarsu, wasu na da layin Najeriya da ba ya kunnuwa sai sun tsallako. Lissafin gida na Malam Sani zai ba su gida a masaukin da suka kwana biyu a Fagge. Sai an ware layukan da ke bayyana kwana kaɗan su ɓace makonni, a duba eriyar da suka fara bayyana a kanta, ta Jibiya ce ko ta Maigatari.

Aminu, game da lokaci: kada ka yi ƙirgar a mako ɗaya ka ce ka san titin. Ka ɗauki Talata, Juma'a da Asabar, daga 7 na safe zuwa 8 na dare, sau ɗaya a bazara, sau ɗaya a damina, sau ɗaya a hunturu. Goman ƙarshe na azumi ka yi shi daban ka ba shi babinsa, don cinikin kayan sallah ba ya kama da kowane mako na shekara. Ranar farko duka ta gwaji ce: mutum biyu su ƙirga ƙofa ɗaya ba tare da sun yi magana ba, in bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100, a sake horo kafin a fara na gaske.